Sunan Ivor Catchpole a Gefen Allo

Ranar Litinin da safe wata mata mai yawo da karenta ta tsinci gawar Ivor Catchpole a cikin ciyayin fadamar Saltcote, inda kogi ke zuba cikin teku. Ya cire agogonsa da hularsa ya ajiye a kan bangon da ke tare ruwa, ya danne su da dutse don kada iska ta kwashe. 'Yan sanda ba su wahalar da kansu ba, suka ce babu hannun kowa a ciki. Amma daga ƙauyen Saltcote har garin Wenmouth, tafiyar mil goma sha biyu, ba wanda bai san abin da ya kashe shi ba. Kacici-kacicin jaridar Asabar ne, wanda ya fito kwana tara kafin nan. Abin da ba a sani ba shi ne hannun da ya ƙulla shi.

Hester Goodrum tana wanke kofi ta ji labarin a rediyo. Ta daɗe tsaye, ruwan famfo na zuba a kan hannunta.

Shekara ashirin da shida ta yi tana aikin 'yan sanda, aikinta ɗaya ne, bin sawun mutanen da suka ɓata. Abokan aikinta kan ce ko a kan dutse mutum ya taka, Hester za ta ga sawun. Da ta ajiye aiki sai ta mai da idon nan kan kacici-kacici. Kowace Asabar kafin ƙarfe takwas ta gama cike allon jaridar gunduma mai gidaje farare da baƙaƙe, ta warware kowace ishara, sannan ta rubuta sharhi a shafinta na intanet: wannan ƙullin ya yi kyau, wancan zalunci ne, wancan kuma lalaci ne tsagwaronsa. Mutum ɗari huɗu ko biyar ke karanta ta, masu ƙulli kuwa tsoron alƙalaminta suke yi.

Mai ƙulla na Asabar wani tsoho ne da ke sa hannu da sunan Zalɓe, shekara arba'in da ɗaya bai taɓa fashi ba. Yana da wata al'ada. Jifa-jifa yakan ɓoye saƙo a haruffan da suka zagaye gefen allon, ko sunan jirgin ruwan da ya nitse tun zamanin kakanni, ko na wani gwarzo a tatsuniyar masunta. Mai cike allo don kashe lokaci ba ya lura. Hester ce kullum ke fara gani, kuma tana ji da wannan.

Ran nan ma ta gani. Ta rubuta a sharhinta: “Tsohon ya sake yi mana wasa. Ku bi haruffan gefe daga sama ku zagayo: Ivor Catchpole ya kashe matarsa. Ban san wannan tatsuniyar ba. Wa zai gaya mini daga ina ta fito?”

Kafin tsakar rana wani ya amsa a ƙasan rubutun: “Ba tatsuniya ba ce. Maƙwabcina ne, mai ƙyafa kifi a Saltcote. Matarsa Glenys ta rasu bara.”

Ta goge sharhin, amma magana zarar bunu ce. An riga an ɗauki hotonsa, ya bi wayoyi. Kafin Laraba an farfashe wa Ivor tagogi, an watsa jan fenti a ƙofar ɗakin ƙyafarsa, masu sayen kifinsa na shekara da shekaru suka koma tsallaka titi in sun hango shi. Yanzu da ya mutu, mutanen nan dai su ne ke neman wanda za su ɗora wa. Wasu na cewa Zalɓe, wasu na cewa jarida. In Hester ta shiga kantin burodi sai hira ta mutu.

* * *

Da hantsi Bernadette Quayle ta iso da 'yar motarta ja. Bernie, yadda kowa ke kiranta, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce mai bi gida-gida, kuma ƙawar Hester ta shekara talatin. Ita ta zauna da ita lokacin da mijinta ya rasu, ita ke tuƙa ta ko'ina tun da aka yi mata aikin ƙugu.

“Kin sa wani abu a cikinki?” in ji Bernie.

“Ni na kashe shi, Bernie.”

“Ke dai kin cika son a ce ke ce. Ruwa ya kashe shi. Zauna in haɗa miki shayi.”

“Da ban rubuta ba, da ranar Lahadi an naɗe kifi da jaridar nan, shi ke nan. Wanda ya ƙulla abin nan ya san ba mai gani sai ni. Tarkon ni aka ɗana wa, kuma na shiga da gudu har ina yaba wa kaina.”

Bernie ta juya mata baya tana cika buta. “To yanzu me za ki yi, tsohuwar 'yar sanda? Za ki tashe shi ne?”

“Kai ni gidan Zalɓe.”

* * *

Sunansa na gaskiya Wilfred Aldous, shekararsa tamanin da uku. Suka same shi a bakin taga, ya ɗaura lakataye kamar mai zuwa ofis, fensir a hannu.

“Misis Goodrum!” ya ce da murna. “Ke ce kika kira isharata ta goma sha huɗu lalaci. Ban yafe ba, ki sani. Yaya maigidan? Har yanzu yana fama da tumatirinsa?”

Shekara bakwai ke nan da mutuwar mijin Hester, kuma Wilfred na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Ta ce yana lafiya. Ta leƙa takardar da ke gabansa, ta ga ya cike gidajen duka da harafi ɗaya, layi bayan layi, a tsanake.

'Yarsa Philippa ta ja su zuwa kicin ta rufe ƙofa.

“Kin gani da idonki,” ta ce. “Shekara ɗaya da rabi ke nan Baba bai ƙulla ko ishara ɗaya ba. Mutum uku daga teburin da kuke haɗuwa kowace Asabar kuna warware kacici-kacici suka ce ba za su bari sunan Zalɓe ya mutu shi yana numfashi ba. Kowa ya ƙulla nasa, ya buga a inji, ya sa a ambulan ba suna, ya jefo ta ƙofa. Ni kuma in ajiye masa a tebur. Ya karanta ya ce, kai, na yi ƙoƙari a wannan. Sai in aika wa jarida. Ni ban iya warware ko ɗaya ba, Misis Goodrum. Da na iya, da na gani.”

“Me ya sa ba suna?”

“Saboda ke. Sun ce in kika caccaki ƙulli, gara kada kowa ya san na wane ne, don kada zumunci ya lalace.”

“Su waye?”

“Mista Thurlow. Da Samina ta kantin magani.” Philippa ta saci kallon Bernie.

“Da ni,” in ji Bernie. “Kada ki zare mini ido. Rantsuwa muka yi. Ke mai sharhi ce, bakinki ba ya riƙe ruwa.”

A mota Hester ta tuna abin da ta rubuta wata shida baya, cewa Zalɓe ya sake zama saurayi, hannunsa ya yi sabon jini. Ita da ake cewa tana ganin sawu a kan dutse, mutum uku sun yi ta tafiya da takalmin tsoho a gaban idonta ba ta gane ba. Ta lissafa su a ranta, ta cire Bernie tun kafin su kai kwanar coci. Saura biyu.

* * *

Desmond Thurlow, tsohon malamin Latin, yana goge ɗan kwalekwalensa a bayan gida.

“A'a, Sufeto da kanta,” ya ce. “Kin zo da ankwa ko in kawo igiya?”

“An ce kun yi rigima da Ivor.”

“An ce? Duk bakin tekun nan ya ji mu. Shekara shida ke nan, a kan wurin ɗaure jirgi. Na yi fatan jirginsa ya nitse, ban ɓoye ba. Jirginsa na ce, ba shi ba.” Ya ajiye tsumman. Fuskarsa ta yi fari kamar ta wanda bai yi barci ba. “Shigo ki gani.”

Ya ciro wata jakar takardu. Kwafin duk abin da ya ƙulla da sunan Zalɓe ne, guda ashirin da uku, kowanne da kwanan wata, har da inda ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin maganganun da Hester ta yi a kansu. Na ranar nan ba ya ciki.

“Kana iya cire shi,” in ji Hester.

“Ina iyawa. Amma ke ma kin san ba hannuna ba ne. Wanda ya yi wancan ya murɗe wuyan kalmomi don gefe ya fito masa. Akwai isharori biyu a ciki da gara a yanke mini yatsa da in rubuta su. Ni mugu ne, Hester, amma ba ragon maƙulli ba ne.” Ya rufe jakar. “In kina neman wanda ya san yadda Glenys Catchpole ta mutu, ki tambayi wadda ke ba ta magani.”

* * *

Samina Lodhi tana shirin rufe kanti don cin abincin rana Hester ta shiga. Ita ce ƙarama a teburin Asabar, shekararta arba'in da huɗu, kuma ita ta fi kowa saurin juya haruffa a ka.

“Anti Hester, in maganar Catchpole ce, ba na magana a kan maganin mutane. Rayayyu ko matattu.”

“Ke kike haɗa wa Glenys nata?”

“Ni ce.”

“Kin taɓa zargin mijinta?”

“Na ce miki ba zan yi magana ba.” Ta ci gaba da jera kwalabe. “Ba ni na ƙulla shi ba. Nawa ya fito mako biyu kafin nan, kika ce ya yi zaƙi kamar alewar yara. Don Allah ki tafi.”

Hester ta fita da tabbacin cewa matar nan na ɓoye wani abu. Kwana biyu ta yi tana auna ta. Amma wani ya ga shigarta kantin, kuma garin da ke neman inda zai sauke fushinsa ba ya buƙatar fiye da haka. Ranar Laraba aka wayi gari an rubuta wa Samina zagi a ƙofar kanti, har da cewa ta koma inda ta fito, ita da aka haifa a Luton. Hester ta tsaya daga nesa tana kallonta tana kankare fentin ita kaɗai. Ta ga duk inda ta sa ƙafa a maganar nan ɓarna take bari.

* * *

Ranar Alhamis Bernie ta ce za ta kai wata tsohuwa asibiti, don haka Hester ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa ofishin jaridar. Mai kula da shafin kacici-kacici, Mista Rix, yana kwashe kayansa cikin kwali. An sallame shi tun Litinin.

“Shekara goma sha tara,” ya ce. “Ina duba isharori ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa kallon gefe ba. Na bar miki wannan.”

“Kana da takardar yadda ta iso?”

Ya laluba ya miƙa mata. “Ba abin da na taɓa sai ishara ɗaya, ta ashirin da biyu. Na sauya ta gaba ɗaya. Har na yi mamaki, na ce tsufa ya fara kama Zalɓe.”

Ta kai yatsa wurin. Irin isharar nan ce ta kunne, wadda ake ba ka kalma ɗaya a ce ka saurara, ka rubuta wata mai sauti irin nata. Maƙullin ya ba da kalmar Turanci da ke nufin “nata”, amsar da yake so kuma ita ce “gashi”.

“Kin gani?” in ji Mista Rix. “Faɗe su ki ji. Ina suka haɗu? Ba mai furta su iri ɗaya a nan.”

Hester ta furta su a hankali, sau biyu. Gaskiya ne. A bakinta, da bakin Wilfred, da na Desmond da aka haifa a bayan cocin Wenmouth, da na Samina 'yar Luton, kalmomin nan biyu hanyarsu daban. Amma ta san bakin da suke zama abu ɗaya a cikinsa. Mutanen Liverpool haka suke faɗa.

A Liverpool aka haifi Bernie. Tana da shekara goma sha ɗaya aka kai ta makarantar 'yan zuhudu, matan nan masu hidimar coci, a kudu, suka yi ta dukan harshenta da rula har ya miƙe. Yanzu tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Sai in ta fusata, ko ta sha kofi na biyu na ruwan inabi, sannan tsohon harshen ke leƙowa, mijin Hester ya yi ta tsokanarta yana cewa ta sake faɗin “gashi” ya ji. Bakin ya koyi sabon kari, kunnen bai koya ba.

A jirgin komawa Hester ta zauna da takardar a kan cinya. Ta nemi wata hanyar da sawun zai bi ta rasa. Ta tuna Bernie tana juya mata baya tana cika buta. Da jirgin ya tsaya a Wenmouth sai da mai duba tikiti ya taɓa kafaɗarta.

* * *

Kowace Asabar ƙarfe goma sha ɗaya sukan haɗu a ɗakin baya na mashayar bakin gada. Wannan karon jaridar ta fito babu allo, sai 'yan layukan ban haƙuri a inda yake zama. Duk da haka sun zo, don Hester ta kira kowa: Desmond, da Samina, da Bernie, har da Philippa. Ba mai kallon idon wani.

Suna da al'ada, kafin a fara komai wani ya jefa ishara ɗaya don a wasa ƙwaƙwalwa, wanda ya riga amsawa ba shi zai je ɗauko shayi ba.

“Yau ni zan jefa,” in ji Hester.

“Yau ma?” in ji Desmond. “Ba ki da kunya.”

“Rigar dila, ga mai saurare, ita ce bikin lilo na bazara. Harafi huɗu.”

Ba ta rufe baki ba Bernie ta faɗi amsar, kalmar Turanci da ke nufin “biki”. Shekara da shekaru tana tsere da Samina a teburin nan, bakinta ya riga tunaninta.

Desmond ya yamutsa fuska. “Wannan ai ba ishara ba ce. Gashin dabba da biki, ina sautinsu ya haɗu? Ke da kike zagin mutane, ki kawo mana wannan?”

Samina ta motsa leɓɓanta tana gwadawa, ta girgiza kai. “Ni ma ba ta fito mini ba.”

“Ba za ta fito muku ba,” in ji Hester. “Mutum ɗaya ne a ɗakin nan kunnensa ke jin su ɗaya.” Ta zaro takardar Mista Rix ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora yatsa a kan ta ashirin da biyu. “Wannan ce aka jefa ta ƙofar Philippa, kafin jarida ta gyara.”

Desmond ya karanta, ya cire tabarau. Samina ta karanta, ta rufe baki da hannu. Bernie ba ta ko kalli takardar ba. Ta gyara zaman jakarta a cinya.

“Kin yi ƙoƙari,” ta ce. “Na ɗauka sai kin fi haka daɗewa.”

“Da sunan mahaifina?” in ji Philippa. “Mutumin da ke ba ki alewa duk zuwanki?”

“Ki yafe mini wannan, 'yata. Shi kaɗai nake nadama.” Bernie ta dubi Hester. “Wata biyar ina zama da Glenys, yamma uku a mako, aikin sa kai na coci. Ciwon ya cinye ta, amma ba ta shirya tafiya ba. Ranar Talata ta riƙe hannuna ta ce sai ta ga jikarta da za a haifa a watan huɗu. A kan kanta akwai kwalbar maganin kashe zafi, babba, ko rabi ba a sha ba. Ranar Alhamis na zo an ce ta tafi da asuba. Na duba, kwalba ta ɓace. Na tambaye shi, ya ce ba ruwana. Shekara arba'in ina aikin jinya, na san abin da kwalbar nan za ta yi. Na je wurin likita, ya ce baƙin ciki ne ke damuna. Na je wurin 'yan sanda, wani yaro ya ba ni shayi ya raka ni ƙofa.”

“Da kin zo wurina,” in ji Hester.

“Na zo. A kicin ɗinki, wata Asabar. Na ce, Hester, akwai wata mata da ta mutu, zuciyata ba ta kwanta ba. Kina kan allo. Kika ce, uhm, wace kalma ce mai harafi tara da ke nufin ƙaho? Sai na gane hanya ɗaya ce kike jin magana.”

Hester ta nemi ranar a ƙwaƙwalwarta ba ta same ta ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, don ta san an yi.

“Ban so ya mutu ba,” in ji Bernie. “So na yi a tono maganar, a tambaye shi ina kwalbar.”

“Tana wurina.”

Samina ce. Hawaye na bin fuskarta.

“Ranar Laraba ya kawo mini ita, kwana ɗaya kafin ta rasu. An riga an sa wa Glenys na'urar da ke ba ta magani ta jijiya, ba a buƙatar ta kwalba. Ya ce sau biyu in zafin ya taso tana roƙonsa ya ajiye mata ita kusa da hannu ya fita. Ya ce yana tsoron ranar da zai kasa ce mata a'a. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, kada a ce matarsa ta nemi kashe kanta, don ita mai zuwa coci ce. Na rubuta a littafin kanti, yawan maganin yana nan yadda kika gan shi, Anti Bernie. Da aka fara jifansa na kira shi na ce bari in faɗa. Ya ce a'a, alkawari ya yi mata. Na yi shiru. Ni ma na yi shiru har ya shiga ruwa.”

Daga ɗakin gaba ana jin masu kallon ƙwallo suna ihu.

Da maganar Bernie ta fito, da harshen yarintarta ta fito, wanda 'yan zuhudu suka kasa kashewa. “Bai gaya mini ba. Me ya sa bai gaya mini ba?”

“Ke wace ce da zai gaya miki?” in ji Desmond, a hankali, ba tare da izgilin da ya saba ba.

Ta miƙe, ta ɗauki makullin mota ya faɗi, ta sunkuya ta ɗauka. A bakin ƙofa ta juyo. “Zan je wurin 'yan sanda da ƙafata, ba sai kin kai ni ba. Amma ki sani, Hester, ni na rubuta, ke kika karanta wa duniya.”

“Na sani,” in ji Hester.

* * *

Ranar Litinin ta hau bas zuwa Saltcote. Ta sami Tamsin, 'yar Ivor tilo, a ɗakin ƙyafar mahaifinta tana fitar da ƙarafan rataye kifi, jaririya na barci a keken turawa a bakin ƙofa. Jan fentin na nan, an goge rabi an bar rabi.

“Na san ki,” in ji Tamsin. “Ke ce mai sharhi.”

Hester ta tsaya a waje, ba a ce ta shigo ba. Ta faɗi komai a tsaye, ba ta rage nata laifin ba: allon, da Bernie, da kwalbar, da abin da Ivor ya roƙi Samina. Ta ce an rubuta a littafin kanti, jarida za ta buga gaskiya ranar Asabar, kowa zai san mahaifinta bai taɓa matarsa da komai ba sai alheri.

Tamsin ta saurara har ƙarshe. Ta ajiye ƙarfen da ke hannunta a hankali.

“Kin ɗauka tagogi ne suka kashe shi?” ta ce. “Baba ya yi shekara hamsin a teku, ba ya tsoron dutse. Ranar Lahadi da rana na kira shi a waya. Kwana takwas ina karanta abin da mutane ke rubutawa, ina shayar da yarinyar nan ina karantawa. Na ce, Baba, gaya mini gaskiya, ba zan faɗa wa kowa ba. Ka yi?”

Jaririyar ta motsa. Tamsin ta kai hannu ta jijjiga keken ba tare da ta kalle shi ba.

“Ya ce, har ke, Tam? Ya ce in gai da yarinya. Ya ajiye waya.”

Hester ta sunkuyar da kai.

“Kin gano wanda ya yi, na gode,” in ji Tamsin. “Yanzu ki tafi, don Allah. Ina da aiki.”

Ta koma ciki ta ja ƙofar. Hester ta taka a hankali zuwa tashar bas, ƙugunta na mata zafi. Allon tashar ya nuna bas na gaba sai bayan awa biyu. Ta ciro waya don ta kira a zo a ɗauke ta, ta duba sunayen daga sama har ƙasa, sannan ta mai da ita jaka ta zauna a kan bencin.